Amsar Gwaggo kan batun durƙuso

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce Babanku ya hana ku durƙusa wa kowa, amma in kun je gidan Gangare tsofaffi sai su ce ba ku da tarbiyya. Ka kuma saurari malamai a waya, kowa da tasa, shi ne kake tambaya ko dole ne ka bi ra'ayin mahaifinka.

To, Babanka ma ba gadon ra'ayin nan ya yi ba. Kakanka ɗan Tijjaniyya ne, wazifa ba ta wuce shi, balle zikirin Juma'a. Da aka kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris, samari suka yi ta tururuwa, Yaya yana cikinsu. Ga kaset-kaset na wa'azi, ga tafsirin Sheikh Abubakar Gumi a Rediyon Kaduna da azumi. Wata safiya ya shigo zaure, maimakon ya tuɓe takalmi ya zube kamar kullum, sai ya miƙa wa Kakanka hannu a tsaye. Tsoho ya dubi hannun nan, ya mayar da kai kan carbinsa. An daɗe ba su sa hannu a kwano ɗaya ba. Mu namu da sauƙi ma, a wasu gidajen har ɗa ya daina bin ubansa salla.

Ba durƙuso kaɗai suka yaƙa ba. Akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da ɗawainiyar biki mai karya talaka. Wasu abubuwan sun yi daidai, a ganina. Islamiyyar matan aure da suka buɗe ita ta sa irinmu muka iya karanta Alƙur'ani da kanmu. Amma zafin kai ya yi yawa, da yawansu ba su ko sauke Ahalari ba suke kafirta dattijai.

Abin dariya, duk zafin Yaya bai taɓa cewa Inna ta kira sunansa ba. Ɗan fari ne, har ta koma ga Allah "yaron nan" take ce masa. Wannan kunya ce, ba aya ba hadisi, ya kuma bar ta yadda ya same ta. Ka ga shi ma zaɓe ya yi cikin al'adun.

Saboda haka ba zan ce kada ka yi tunaninka ba, shekarunka sun kai. Sai dai guntun bidiyon TikTok ba karatu ba ne. Nemi malami, ka zauna gabansa da littafi, Ishmawi, Iziyya, har Risala, ka ji inda malamai suka saɓa da dalilin kowa. Ka kuma duba aya ta 15 a Suratu Luƙman: ko iyayen da suka matsa wa ɗansu ya yi shirka, cewa aka yi kada ya bi su, amma ya zauna da su da kyautatawa. Ina ga saɓani kan gaisuwa?

In ka je Gangare, tuɓe takalminka, ka rage tsawo, ka sassauta murya. Babu wanda ya ce ka kai goshi ƙasa. A gida kuwa kada ka ja da Babanka gaban ƙannenka. Bari sai bayan isha'i yana shi kaɗai, ka kai masa shayi, ka tambaye shi yadda suka shirya da Kakanka. Kada dai ka ce daga bakina ka ji.

Ka gaida Mamanku da yara.