Zancenmu na Da, Amsa ga Kishiyata

Kishiyata, saƙonki ya iso, ƙanwarki ta karanta mini har sau biyu. Wai kina tambaya ko a zamaninmu saurayi da budurwa na wasa da dariya, ko kuwa sunkuyar da kai kawai ake yi kamar masu zaman makoki, tunda shi naki in ya zo sai ku zauna a mota kowa na latsa waya. Na yi dariya har na ƙware. Wa ya gaya miki tsofaffi da furfura aka haife su?

Malam ya fara zuwa gidanmu a 1973, shekarar da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo. Bayan isha'i zai jingine kekensa a jikin soro, ya aiko yaro: wai ana sallama da wance. Ni kuwa tun la'asar na sa kwalli, amma sai na bar shi ya bushe a tsaye, don jan aji ma wasa ne. In na fito, ƙanena ne ke riƙe da tabarma da fitila, kuma ba ya tashi sai an saye bakinsa da alewa. Saboda shi muka koyi zaurance. Malam ya ce "zadan zodo godobede", ni na gane zai zo gobe, yaro ya saki baki yana kallonmu. Ashe ja'irin ya fi mu iyawa, duk abin da muka faɗa sai ya kwashe ya kai wa Inna.

Abin da muka fi yi shi ne kacici-kacici. Na ce masa shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Mutumin da ke koyar da yara lissafi ya yi ta zufa, ya ce taurari, ya ce gero, tsintsiya ba ta zo masa ba. Wanda ya kasa sai ya ba da gari, to ni ban karɓi gari ba, na ce gobe ya zo da dakuwa. Ya zo da ita a ƙunshe, ya kuma zo da nasa kacici-kacicin da ya roƙo wajen kakarsa don ya rama. A nan na gane in an kayar da shi dariya yake yi, ba ya kumbura. Akwai wani mai kuɗin shanu da ya riga shi zuwa, toshinsa ya fi na kowa, amma sau ɗaya ƙawata ta tsokane shi a kan hularsa ya tashi fuu. Daga ranar ban ƙara fita wurinsa ba.

Daren farin wata kuwa dandali ake cika. Mu 'yan mata muna gaɗa, mai kalangu na kiɗa, samari na tsaye gefe. Ki sako sunan naki cikin waƙa a fakaice, shi kuma ya taso ya liƙa miki kwabo a goshi, sauran su ɗauki shewa. Lokacin rake samari kan yi gasar sara a gabanmu, wanda wuƙarsa ta kuskure ya biya. Da sallah mu ɗunguma kallon Hawan Daushe, ni da ƙawayena a gaba, shi da abokansa a baya, ana jifan juna da habaici har gida. Ya taɓa aika mini gaisuwa a Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, na wuni a ɗaka don kunyar Baba.

Za ki ji ana faɗin tsarance. An yi shi a wasu ƙauyuka, malamai sun yi ta wa'azi a kai, mu gidanmu ko sunansa ba a ambata. Duk wasan da na lissafa miki a gaban idon mutane aka yi shi, ko hannuna Malam bai taɓa riƙewa ba sai da aka shafa fatiha.

Ki ce wa angon nan nawa ya fito daga motar. Ki shimfiɗa tabarma a soro, ki ajiye autarku kusa, ki tambaye shi Baba na ɗaka gemu na waje. In ya kasa, ki turo mini shi da farin goro, don ni ce uwargida.