In sayar da fulotina a faɗaɗa mini muƙamuƙi?

Tambaya: Shekarata 29, ina sana'ar kayan waya a kasuwar Terminus. Tun ina yaro da baki nake numfashi, kullum na farka da asuba maƙogwarona a bushe ƙayau, maiɗakina kuma ta gaji da munsharina. Wani likitan haƙori ya ce muƙamuƙina na sama ya tsuke, a yi tiyata a faɗaɗa shi, hancin ma zai buɗe. Kuɗin da ya yanka sai na sayar da fulotina. In sayar? Daga Anguwan Rogo, Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe takardun fulotinka tukuna. Likitan bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya faɗi rabin zance.

Ɗaga harshenka ka taɓa ganɗarka. Wannan ƙashin da ka taɓa shi ne daɓen hancinka, kamar gidan bene, rufin ɗakin ƙasa shi ne daɓen na sama. Ɓari biyu ne, dama da hagu, da mahaɗa a tsakiya. A wajen yaro mahaɗar ba ta ƙulle ba, ƙarfe kawai ake ɗaura wa haƙora a buɗa ta. Tun 1860 wani likitan haƙori a Amurka, Emerson Angell, ya bayyana dabarar, abokan aikinsa suka ƙaryata shi. A shekarunka kuwa ƙashi ya riga ya kama, shi ya sa ake maganar wuƙa.

Aikin, wanda likitoci ke kira SARPE, ta cikin baki ake yin sa, ba ya barin tabo a fuska. Za a sa ka barci, a tsaga ƙashin ta gefe biyu da tsakiya, a bar wani ƙarfe mai ƙusa a ganɗarka. Bayan 'yan kwanaki kai da kanka za ka riƙa murza ƙusar da ɗan makulli, kowace murzawa kusan kwatan milimita. Cikin mako biyu zuwa uku sai ka ga wushirya ta fito maka wadda ba ka gada ba, wani lokacin mai faɗin da za ka riƙa rufe baki in za ka yi dariya. Ƙarfen zai zauna watanni har sabon ƙashi ya cike gurbin, sannan a shiga ɗaurin waya a jera haƙora, shekara ɗaya ko fiye.

To hancin fa? Buɗewar ba daidai take sama da ƙasa ba. Ta fi yawa a wajen haƙora, tana raguwa yayin da ake hawa, abin da ke isa hanci kaso ne kawai na abin da aka samu a baki. Da yake ƙofar iskar ƙarama ce, wannan ɗan ƙarin yana yi wa mutane da dama amfani, awo ya nuna iska ta fi wucewa. Wasu kuma an buɗe, amma su ba su ji wani bambanci ba, wasu bayan lokaci wani abu daga cikin faɗin ya koma. Ni a ganina sauƙin numfashi a wannan aiki gyara ce irin ta mai awo: in ta zo madalla, amma ba ita ka biya wa kuɗi ba.

Kuma kai mutumin Jos ne. Sanyi da ƙurar hunturu kaɗai sun isa su kumbura naman cikin hanci. Akwai karkacewar guringuntsin da ya raba ƙofofin biyu, akwai tsiro, akwai masu ɗiga maganin hancin nan Otrivin wata da watanni har hancin ya ƙi buɗewa sai da shi, alhali 'yan kwanaki aka ce a yi amfani da shi. Faɗaɗa muƙamuƙi ba ya warkar da ko ɗaya daga cikinsu. Fara zuwa wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro, akwai sashensu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, da ke Lamingo, a leƙa ciki da na'ura. Tambayi maiɗakinka ko numfashinka yana ɗaukewa cikin munsharin. In ta ce e, faɗa wa likitan, wannan babi ne daban.

In an duba hanci lafiya, sannan in ka cije turamenka na sama suna faɗawa cikin na ƙasa maimakon su rufe su, to maganar tiyata ta samu gindin zama. Nan ma ka nemi ra'ayin likita na biyu, ka sa a rubuta maka kuɗin duka: hoto, tiyata, ƙarfe, wayar haƙora da zirga-zirgar dubawa. Ka yi tambaya kan abubuwan da kan biyo bayan tiyatar: haɓo, dindiris na leɓe, da ɗan faɗin da gindin hanci ke ƙarawa.

Tambaya: 'Yata shekararta 8, baki buɗe take kwana. In sa a ɗaura mata ƙarfen tun yanzu? Daga Rikkos.

Amsa: Hajiya, a wannan shekarun an fi zargin kumburin naman bayan hanci ko na maƙogwaro. A duba wannan da farko. In kuma ganɗar ce ta tsuke, kin zo da wuri, ƙarfe ya ishe ta ba tare da tiyata ba. Kar dai ki bari ta wuce shekarun balaga ba a duba ta ba.