Zaɓen waƙar kullum da ta dace da labarai

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka riƙa zaɓo waƙa ɗaya kullum wadda ta dace da abin da ke tashe a labarai. Shawarata, kada sunan waƙa ya ruɗe ka, ka duba halin da labarin ya jefa mutane. Ranar da aka ci kofi kowa rawa yake nema. Ranar da aka wayi gari da ambaliya ko rasuwa kuwa, waƙar shagali cin fuska ce, ko da ta ambaci ruwa. Ka saurare ta daga farko har ƙarshe kafin ka ɗora, domin sau da yawa amshi ya yi daidai, baiti na uku ya zo ya ɓata komai.

Kada kuma ka raina tsofaffin waƙoƙi. Waƙar Running Up That Hill ta mawaƙiyar Birtaniya Kate Bush, wadda ta fito a 1985, sai a 2022 ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Birtaniya, bayan an saka ta a shirin Stranger Things.

Ka rubuta layi biyu kan dalilin zaɓinka, sannan ka tura mutane YouTube ko Spotify maimakon ɗora waƙar da kanka, saboda haƙƙin mallaka.