Monita Ya Daina Kawowa Bayan Fomat: In Canza Bod Ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon buga takardu da zanen katin biki a Ƙauran Namoda. Wata uku da suka wuce na sayi monita na hannu mai inci 24, na haɗa shi da laftof ɗina da kebul ɗin HDMI, saboda allonta ya yi mini kaɗan wajen aikin CorelDRAW. Lafiya lau yake aiki har makon jiya da na kai laftof ɗin aka yi mata fomat don ta faye nauyi. Tun da ta dawo, babu abin da monitan yake nunawa sai No Signal. Na sayi sabon kebul, duk kanwar ja ce. A kan laftof ɗin ma rubutu ya zama manya-manya, hasken allo kuma ya ƙi raguwa. Wanda ya yi mini fomat ɗin ya ce ramin HDMI ne ya ƙone, sai dai a canza bod, wato babban faifan da sassan laftof ɗin suke kai. In biya ne, ko akwai wata dabara?

AMSA

Wa'alaikumus salam, Malam. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ramin HDMI yakan ƙone, na sha gani, amma da wuya ya zaɓi ranar fomat ya ƙone. Kuma kai da kanka ka kawo shaidu biyu da suka fi ƙarfin maganar mai gyaran naka: rubutun da ya kumbura da hasken da ya ƙi raguwa. Waɗannan ba ruwansu da rami. Alamar cewa laftof ɗin tana tafiya ne ba direban hoto.

A cikin kowace kwamfuta akwai sashen da aikinsa shi ne zana abin da kake gani a allo. A yawancin laftof ɗin da ke hannun mutanenmu, na Intel ne, yana cikin furosesa; wasu kuma na AMD ne ko Nvidia. Windows ba ta san yadda za ta sarrafa wannan sashe ba sai da wata manhaja da kamfanin da ya ƙera shi ya rubuta, ita ake kira direba. Sunan ya dace. Idan aka yi fomat, direban ya tafi tare da tsohuwar Windows. Sabuwar da aka ɗora tana zuwa da wani na wucin gadi mai suna Microsoft Basic Display Adapter. Ka ɗauke shi kamar yaron mota: zai iya tayar da tirela ya gyara mata tsayuwa a tasha, amma ba wanda zai ba shi ita da kaya ya ce ya kai Funtua. Zai nuna maka hoto a allon laftof don ka samu ka ga abin da kake yi, iyakarsa ke nan. Bai san allo na biyu ba, ba ya rage haske, sau da yawa ma za ka nemi Sleep a wajen kashewa ka rasa.

Tabbatarwa ba ta cin minti ɗaya. Danna maballin Windows da X tare, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe Display adapters. In ka ga wancan suna na Microsoft, magana ta ƙare. In kuwa ka ga suna kamar Intel HD Graphics 520 amma da ɗan alama ruwan ɗorawa a jikinsa, to direban yana nan amma ba ya aiki. Ka danna shi sau biyu za ka ga lambar matsalar, wadda aka fi gani ita ce Code 43.

Me ya sa Windows ba ta nemo direban da kanta ba? Ai da ta nemo, in an bar ta. Daga Windows 10 zuwa 11, da zarar an haɗa da intanet takan sauko da shi ta Windows Update. Sai dai da yawa daga cikinmu masu gyara, ni ma ban cire kaina ba a shekarun baya, muna kashe Windows Update da zarar mun gama fomat, wai don kada ta cinye wa mutum data. Wasu kuma suna ɗora Windows ɗin da aka yi wa aski, aka cire mata sassa don ta yi sauƙi, har da sashen sabuntawar. Haka nan in an sa wa layin intanet ɗin alamar Metered connection, Windows takan ja hannu daga sauko da direbobi. Saboda haka ka fara da nan: shiga Settings, ka je Windows Update, ka bar ta ta bincika, sannan ka leƙa Optional updates, don a can direbobi suke yawan maƙalewa.

In hakan bai yi ba, ka je shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, ba na Intel ba tukuna. Juya ta ka duba ƙasanta, ko ƙarƙashin batir in mai cirewa ne. Dell suna da Service Tag, HP da Lenovo suna da lambar samfur da siriyal. Ka rubuta lambar a shafinsu na tallafi, ka nemi sashen Graphics ko Video, ka sauke wanda ya dace da Windows ɗinka. Dalilin farawa da su shi ne, su suka san yadda suka ja wayoyin ramukan a kan bod ɗinsu, kuma sukan yi wa direban gyare-gyare don hakan. Fayil ɗin yakan yi nauyi, megabait ɗaruruwa, don haka ka nemi lokacin da sabis ya zauna, kada ya yanke a tsakiya.

In takardar ƙasan ta goge, kamar yadda ake yawan samu a laftof ɗin da ta sha hannu, akwai wata hanya. A Device Manager, buɗe Properties na wancan adaftan, ka shiga Details, ka zaɓi Hardware Ids. Za ka ga dogon rubutu mai ɗauke da VEN da lamba huɗu. 8086 na Intel ne, 10DE na Nvidia, 1002 na AMD. Lambar da ke bayan DEV kuma ita ce ainihin samfurin. Da waɗannan biyun za ka gane abin da ke cikin na'urarka ko da ba ko takarda ɗaya a jikinta.

Abin da ba na so ka yi shi ne ka ɗora irin manhajojin nan da ke alkawarin sa maka duk direbobi da danna ɗaya. Sukan dace wani lokaci, amma na cire tarkacen talla da burauzar da ba wanda ya nema daga kwamfutoci da yawa a dalilinsu.

Bayan ka sa direban, ka zaɓi Restart, kada ka zaɓi Shut down. Tun daga Windows 8 akwai wani tsari mai suna Fast Startup: in ka kashe, ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye halin da direbobi suke ciki ta tashi da shi. Restart ne yake tayar da komai daga tushe. Ta tashi, ka haɗa monitan, ka tabbatar a maballan jikinsa an zaɓi HDMI a matsayin mashiga, sannan ka danna Windows da P. Zaɓi huɗu za su fito. Don aikinka Extend ya fi, domin kowane allo zai tsaya a kan ƙarfinsa. In ka zaɓi Duplicate, allunan biyu dole su daidaita a kan girma ɗaya, kuma in laftof ɗinka mai 1366 da 768 ce, monitan da zai iya 1920 da 1080 zai sauko ya bi ta, hoto ya yi dishi-dishi, ka zaci monitan ne ba shi da kyau.

Wani abu da ya kamata ka duba, tunda ba ka faɗi samfurin laftof ɗin ba: wasu suna da sashen hoto biyu, na Intel don aikin yau da kullum, na Nvidia ko AMD don aiki mai nauyi. A wasu daga cikin irin waɗannan, ramin HDMI yana haɗe ne da na biyun kai tsaye. Sai mutum ya sa direban Intel, allon laftof ya gyaru tas, haske ya dawo, amma monita shiru. In ka ga abu biyu a Display adapters, ko ka ga wani 3D Video Controller mai alamar ruwan ɗorawa a ƙarƙashin Other devices, to saura direba ɗaya. Na Intel ake fara sawa, sannan ɗayan.

Sai maganar tsufa. In furosesarka ta ƙarni na biyu ce, wato irin Core i5 mai lamba dubu biyu da wani abu da suka fito a 2011 da Intel HD Graphics 3000, Intel ba su fitar mata da direban Windows 10 a hukumance ba. Tsohon direba ne ake lallaɓawa da shi. Haka in an tilasta wa tsohuwar laftof Windows 11, wadda a ƙa'ida daga ƙarni na takwas na Intel take farawa, matsalar direba ba ta zama abin mamaki ba. Ka tambayi mai fomat ɗin wace Windows ya ɗora, ka kwatanta da wadda take kai a da.

To in duk an yi wannan monita bai kawo ba fa? A nan ne za a fara zargin ƙarfe, kuma ko a nan akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ka haɗa laftof ɗin da talabijin mai HDMI, ka kuma haɗa monitan da laftof ɗin maƙwabcinka. Gwajin da na fi yarda da shi kuwa shi ne a sa Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda manhajojin tafiyar da kwamfuta ne irin Windows, a filashi, a tayar da laftof ɗin daga kai ba tare da an ɗora ba. Suna zuwa da direban Intel da AMD a cikinsu. In monita ya kawo a can, ramin lafiyarsa ƙalau, duk wanda ya ce a canza bod ka yi masa godiya ka ɗauki kayanka. Ka kuma haska ramin da tocilan ɗin waya. Fil 19 ne a ciki, sirara, kuma ƙurar hunturun nan tamu takan cushe su. Wani malamin makaranta ya taɓa kawo mini tasa nan Gusau, ya riga ya haƙura da ramin. Da na haska sai ga ɗan ɓallen robar tsohon kebul ya maƙale a lungu. Da tsinken sakace na ciro shi, bayan na kashe ta na cire caja.

Ta kan waɗannan filolin ne monita yake aika wa laftof da bayanin kansa, sunansa da girman hoton da zai iya ɗauka, abin da ake kira EDID. In wannan saƙon bai iso daidai ba, sai ka ga Out of Range ko Input Not Supported, ko hoto ya zo a matse. Maganinsa ka shiga Display settings, ka zaɓi monitan, ka sa girmansa na asali da 60Hz da hannunka.

Ko da ramin ya tabbata ya mutu, canza bod shi ne zaɓi na ƙarshe. In laftof ɗin tana da VGA, mai fil 15 ɗin nan, kuma monitan yana da shi, ka koma can. Hoton bai kai na HDMI tsabta ba amma zai yi aiki. Illarsa ɗaya a wajenmu: da yake siginarsa ba ta dijital ba ce, in kana kan janareta ko caja mara kyau za ka iya ganin layuka suna yawo a allo kamar ruwa. Zare caja ka gani, in sun tsaya to wuta ce, ba direba ba. In tana da DisplayPort, wanda mutane ke yawan ɗauka HDMI ne saboda kama, sai dai shi gefe ɗaya ne kawai a yanke, ɗan adafta zai mayar maka da shi HDMI. Wajen sayen adafta ka kula da alkibla: wanda aka yi daga HDMI zuwa VGA ba ya aiki a juye. USB-C kuma ba kowanne ne yake fitar da hoto ba, sai wanda aka yi shi da hakan, don haka ka duba bayanin samfurinka kafin ka saya.

Idan an gyara, wata rana kana cikin aiki allo ya yi baƙi ko monita ya ɗauke, gwada Windows da Ctrl da Shift da B tare. Za ka ji ɗan ƙara, allo ya ƙifta, direban ya sake tashi ba tare da ka rasa zanen da kake yi ba. In kuma matsalar ta fara ne bayan wani sabuntawa, a Properties na direban akwai Roll Back Driver, yana mayar da na baya. Fayil ɗin direban da ya yi maka aiki, ka kwafe shi a filashi ka ajiye a shago saboda fomat na gaba. Sannan tunda a shagunanmu soket mai wayar ƙasa ba ta da yawa, ka riƙa haɗa kebul ɗin HDMI kafin ka kunna monitan a bango, kada ka riƙa cusawa da zarewa alhali komai na kan wuta, musamman lokacin da ake sauyawa daga wutar gari zuwa janareta.