Shin abokai na shafar karatun matasa 'yan asalin Meziko a Amurka?

Kin tambaya ko abokai na da tasiri a kan yadda waɗannan yara ke sabawa da makaranta. Suna da shi ƙwarai, musamman a aji na 9, lokacin da yaro ɗan shekara 14 ke shiga babbar sakandare ya rabu da tsofaffin abokansa. Wanda ya samu aboki ko ɗaya mai son karatu, suna aikin gida tare, ba ya yawan fashin makaranta. Matsalar ita ce a Kalifoniya da Tekzas akan ware masu koyon Turanci a azuzuwa daban, sai abokansu su taƙaita. Shirin AVID na taimaka wa ɗalibai shirin shiga jami'a, da aka fara a birnin San Diego na Kalifoniya a 1980, yana haɗa ɗalibai rukuni-rukuni su yi bita tare. Iyaye su gayyato abokan 'ya'yansu zuwa gida, su san iyayensu.