Wi-Fi ya ɓace bayan sabon kenel: kada ka yi fomat tukuna

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce laftof ɗinka HP ce mai Ubuntu 22.04, ka yi ofdet da dare, da safe babu ko alamar Wi-Fi, har wani ya ce ka yi fomat. Don Allah dakata. A irin waɗannan da suka sha biyowa ta hannuna, da wuya katin ne ya mutu. Direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin Wi-Fi, shi ne sabon kenel (zuciyar tsarin Linux) ya bari a baya.

Ka fara gwada tsohon kenel, domin Ubuntu ba ya goge shi nan take. Sake kunnawa, da zarar tambarin HP ya wuce ka danna Esc, ko ka riƙe Shift idan tsohuwar na'ura ce. Shiga Advanced options for Ubuntu, ka zaɓi lambar da ke ƙasa da sabuwar. In Wi-Fi ya dawo, ka kama bakin zaren, ga kuma intanet ɗin gyara. In bai dawo ba, jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering.

Daga nan buɗe Terminal, inda ake rubuta umarni, ka buga lspci -nnk | grep -iA3 net ka ga wane kati ne.

Idan Broadcom ne, misali BCM43142 mai lamba 14e4:4365, nan aikin yake. Direbansa, wl, ba ya cikin kenel. Rufaffe ne, kuma tun 2015 kamfanin bai fitar da sabo ba, masu Ubuntu da Debian ne ke ta yi masa faci. Duk sabon kenel da ya zo, sai DKMS, tsarin da ke haɗa direbobin waje da kenel, ya sake ɗinka shi daidai da jikinsa, kamar tela da sabon awo. Ubuntu 22.04 kuwa ya fito da 5.15, ya bi ta 5.19, 6.2 da 6.5 har 6.8, kowane tsalle yana iya karya shi. Sake kunnawa ka koma cikin sabon kenel ɗin, ka buga dkms status. In ba ka ga installed a gaban lambar da uname -r ya nuna ba, ɗinkin bai yiwu ba. Galibi headers ne babu, wato fayilolin kenel da ɗinkin ke buƙata: sudo apt install linux-headers-$(uname -r), sai sudo dkms autoinstall. In ya sake ƙi, dalilin yana rubuce a fayil ɗin make.log, can ƙarƙashin /var/lib/dkms. Mutane ba sa buɗe shi, alhali layukan ƙarshe kaɗai sun isa.

Wani lokaci komai ya ɗinku, amma sudo modprobe wl ya amsa da Key was rejected by service. Wannan Secure Boot ne, tsarin tsaron da ke aiki tun daga kunna na'ura, ya ƙi direban da bai san sa hannunsa ba. Shuɗin allon nan na MOK (makullin mai na'ura) da ke fitowa bayan sake kunnawa, wanda yawancinmu ke tsallakewa don sauri, a nan ake zaɓar Enroll MOK a sa kalmar sirri. Kashe Secure Boot ma na aiki, amma ni na fi son a yi rajistar makullin.

Idan Realtek RTL8821CE ne, wanda ya cika HP, labarin daban ne. Tun kenel 5.9 direbansa na ciki, rtw88. Wanda aka taɓa ɗauko maka daga GitHub shi ke kawo cikas. Cire shi, ka leƙa /etc/modprobe.d ka share layin blacklist da ya toshe rtw88_8821ce.

Kar ka manta da buga rfkill list, mai nuna ko an kashe Wi-Fi, wataƙila maɓallin jirgin sama (airplane mode) ne kawai aka taɓa.

Shawarata, in Broadcom ne kuma katin mai cirewa ne, nemi na Intel wurin masu kayan laftof. Direbansa iwlwifi tare yake tafiya da kenel. Sai dai wasu tsofaffin HP ba sa karɓar baƙon kati, don haka a gwada a gabanka kafin ka biya. Turo mana abin da lspci da dkms status suka nuna mu duba tare.