Ziyarar yini ɗaya zuwa tsibirin Gorée daga Dakar: a bi kamfanin yawon buɗe ido ko a je da kai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, za mu je ziyara Kaulaha mu biyar, har da mahaifiyata wadda ta manyanta, kuma a hanyar dawowa muna da yini ɗaya cur a Dakar kafin jirginmu ya tashi. An ba mu labarin tsibirin Gorée da gidan bayin da ke cikinsa. Wani kamfani ya ce zai ɗauke mu daga masauki, ya kai mu, ya haɗa mu da ɗan jagora, ya dawo da mu, amma kuɗin da ya yanka yana da nauyi. Babu mai jin Faransanci a cikinmu, kuma mahaifiyata tana tsoron ruwa. Shin mu biya kamfanin, ko za mu iya zuwa da kanmu? Kuma abin da ake faɗa game da gidan bayin gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya karɓi ziyara, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Shawarata ita ce ku kai kanku tashar jirgin ruwa, ku yanki tikiti da hannunku, sannan ku ɗauki ɗan jagora bayan kun sauka a tsibirin. Abin da kamfanin yake sayar muku kashi uku ne, wato mota, tikiti da jagora, kuma biyun farko ba su da wata wahalar da za a biya wani ya ɗauke muku ita. Na ukun ne yake da daraja, shi kuwa a can tsibirin ake samunsa, a gan shi ido da ido, a ji bakinsa, kafin a yi ciniki.

Tsibirin yana da nisan kimanin kilomita 3 daga Dakar, kuma jirgin yana tsallakawa cikin minti 20 ko fiye da haka kaɗan. Yana tashi ne daga tashar fasinjojin jiragen ruwa da ke cikin tsohon gari, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kuma idan kuka ce wa mai tasi "chaloupe Gorée" ya san inda zai sauke ku. Ku yi cinikin kuɗin tasi kafin ku shiga, don haka ake yi a Dakar. Jirgin yana zirga-zirga tun da asuba har dare, kowace awa ɗaya ko biyu, sai dai jadawalin Lahadi da ranakun hutu ya bambanta da na sauran ranaku. Tikitin na zuwa da dawowa ne, kuma farashinsa hawa-hawa ne: na mazauna Senegal daban, na sauran 'yan Afirka daban, na baƙin da suka zo daga wajen nahiyar ya fi tsada. Saboda haka kowa ya riƙe fasfonsa, domin ana dubawa a ƙofar shiga, kuma da shi ne za ku biya farashin 'yan Afirka. Ku tanadi sefa a hannu, musamman ƙananan takardu, domin bayan tikiti akwai ɗan harajin da hukumar tsibirin take karɓa daga baƙi, kowane gidan tarihi kuma yana da nasa kuɗin shiga.

Game da tsoron Hajiya, ku kwantar mata da hankali da cewa wannan jirgi ne babba mai inji da kujeru da rumfa, yana ɗaukar ɗaruruwan mutane, ba irin kwalekwalen fito na kogunanmu ba. Da shi mazauna tsibirin suke zuwa aiki da kasuwa kullum, 'yan makaranta ma shi suke hawa. Hanyar tana cikin lungun da gaɓar Dakar ta kare daga manyan igiyoyin teku, shi ya sa galibi ruwan a kwance yake. Ku zaunar da ita a hawan ƙasa, wajen tsakiya, inda girgiza ta fi sauƙi, kuma kada ta hau da ciki a cike. Inda za ta fi buƙatar hannu shi ne wajen hawa da sauka, saboda turereniyar jama'a. Ku bari mutane su rage sannan ku taso.

Gorée ƙaramin wuri ne, tsawonsa kimanin mita 900, faɗinsa bai wuce mita 350 ba, kuma babu mota a cikinsa ko ɗaya. Komai da ƙafa ake yi, a kan lunguna masu yashi da duwatsu. Wannan alheri ne ga mai neman natsuwa, amma ga tsohuwa yana nufin a tafi a hankali, a kuma nema mata inuwa ta zauna lokacin da matasa za su hau tudun da ake kira Castel a kudancin tsibirin. A kan tudun akwai manyan igwoyin Faransawa na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, daga can kuma ana hango birnin Dakar sosai, sai dai hawan ba na mai ciwon gwiwa ba ne.

Yanzu batun jagora, wanda shi ne jigon tafiyar. Tun daga tashar Dakar, har a cikin jirgi, mutane za su riƙa matsowa da fara'a, wani ya ce shi ɗan jagora ne, wata ta ce ku tuna da sunanta ku zo shagonta. Ku amsa gaisuwa, kada ku yi wa kowa alkawari. Idan kun sauka, ku nemi ofishin masu kula da baƙi da ke kusa da bakin ruwa, ku ce kuna son jagora mai katin shaida wanda yake jin Turanci. Kada ku tsaya a kan cewarsa yana ji. Ku yi hira da shi ta minti biyu, wanda ya fi jin Turanci a cikinku ya tabbatar yana fahimtarsa, domin shi ne zai riƙa mayar wa Hajiya da Hausa. Ku daidaita abu uku kafin a ɗaga ƙafa: kuɗin na dukan ayarin ne ko na kowane mutum, awa nawa zai yi da ku, kuma waɗanne wurare zai kai ku. Ku biya a ƙarshe. Yawancinsu za su bi da ku ta wajen masu zanen yashi da masu sayar da tsaraba, kuma babu laifi a cikin haka tunda abincin mutanen garin ke nan, amma ku faɗa masa tun farko cewa sayayya sai an gama zagaye.

Inda kamfani yake da amfani shi ne idan masaukinku yana da nisa ƙwarai, ko kuma idan ya ba ku tabbacin jagora mai jin harshen da kuke ji. Illarsa ita ce lokaci: irin wannan tafiya yawanci ta rabin yini ce, a haɗa ku da wasu baƙi, a ratsa da ku gidan bayi da sauri, a tsaya a shago, a ce jirgi zai tashi. Wanda ya yanki tikitinsa da kansa shi yake zaɓar jirgin da zai komo a ciki.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Turawan Fotugal ne suka fara isa tsibirin a 1444, daga baya Turawan Holan suka riƙe shi, Faransawa suka ƙwace a 1677, Ingilishi kuma suka karɓe shi sau da dama kafin ya koma hannun Faransa gaba ɗaya a 1817. A tsawon wannan lokaci an yi cinikin bayi a nan, tare da cinikin ƙaro da ƙiraga da kakin zuma, kuma manyan gidajen da za ku gani na attajirai ne, da yawansu matan da ake kira signare, ruwa-biyu tsakanin Turawa da 'yan ƙasa, waɗanda su ma suna da bayi na hidimar gida. Faransa ba ta yi sokewar ƙarshe ga bauta a yankunanta ba sai a 1848. Duk wannan babu mai jayayya da shi. Gidan bayin kansa an gina shi ne a ƙarshen ƙarni na 18, na iyalin Pépin ne, aka mayar da shi gidan tarihi a 1962, kuma Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da shi har rasuwarsa a 2009, shi ne ya sa sunansa ya zagaya duniya. Za a nuna muku ɗakunan ƙasa masu duhu, a ce wannan na maza, wannan na mata, wannan na yara, da ƙuntataccen ramin da ke ƙarƙashin matakala na waɗanda suka yi gardama, sannan ƙofar da ke fuskantar teku wadda ake cewa wanda ya fita ta cikinta ba ya dawowa.

Saɓanin yana kan adadi da kuma rawar wannan gida na musamman. Wasu 'yan jagora har yanzu suna cewa miliyoyin mutane ne suka bi ta wannan ƙofa. Masana tarihi da suka bi takardun jiragen, ciki har da Philip Curtin, sun nuna cewa waɗanda aka fitar ta Gorée dubbai ne masu yawa, ba miliyoyi ba, kuma jimillar waɗanda aka ɗauka daga dukan gaɓar Afirka zuwa nahiyar Amurka kimanin miliyan 12 da rabi ne, mafi yawansu ta tashoshi irin su Luanda a Angola, Ouidah a Benin da Bonny a Najeriya. Sun kuma lura cewa an gina gidan ne a ƙarshen zamanin cinikin, kuma bayan ƙofar duwatsu ne da jirgi ba zai iya matsowa kusa da su ba. Muhawarar ta yi zafi a 1996 bayan wani rubutu a jaridar Le Monde, har aka yi taron masana a kanta a Senegal. A ganina, rage adadin bai rage komai daga munin abin da aka yi ba, kuma ba ladabi ba ne baƙo ya tsaya gardamar lissafi da jagora a cikin ɗakin da wasu suke kuka, musamman baƙaƙen fatar Amurka da Brazil da suke zuwa neman tushensu. Ku saurara, ku ɗauki gidan a matsayin wurin tunawa, shi ya sa ma UNESCO ta sa tsibirin cikin jerin farko na wuraren tarihin duniya a 1978, kuma shi ya kawo Fafaroma John Paul na Biyu a 1992 da Barack Obama a 2013. Amma idan kun koma gida kuna ba da labari, kada ku ɗauki miliyoyin nan ku yaɗa. Idan kuma wani a cikinku ya tambaya ko Hausawa sun bi ta nan, amsar ita ce Hausawan da aka tsallakar da su teku galibi ta gaɓar Legas, Badagry, Porto-Novo da Ouidah aka fitar da su, da yawansu zuwa Bahia ta Brazil, inda suka yi bore tun 1807.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne su fito daga gidan bayi su nufi jirgi. A arewacin tsibirin akwai ganuwar d'Estrées, zagayayyen gini na shekarun 1850, wadda yanzu gidan tarihin Senegal ne, kuma mai son ganin kaya da takardu maimakon jin jawabi a nan zai ƙaru. Ku sa jagora ya nuna muku tsohon ginin makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin daga 1913 har zuwa ƙarshen shekarun 1930, inda Faransa ta horar da malamai da ma'aikata daga dukan yankunanta na Afirka ta Yamma. Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa da Modibo Keïta na Mali sun yi karatu a cikinta, haka nan Boubou Hama da Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. A Gorée aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa majalisar dokokin Faransa a 1914, wanda filin jirgin saman da za ku tashi daga cikinsa yake ɗauke da sunansa. Akwai kuma dutsen tunawa da likitocin da zazzaɓin shawara ya kashe a annobar 1878.

Salla ba za ta zama matsala ba. A gindin tudun Castel, daf da ruwa, akwai masallaci na ƙarshen ƙarni na 19, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan dutse a Senegal, kuma mutanen Malikawa ne kamar na gida. Abinci akwai shi a rumfunan bakin ruwa, musamman dafa-dukan shinkafa da kifi da ake kira ceebu jën, da yassa, wato kaza ko kifi cikin miyar albasa da lemun tsami. Ku tambayi farashi kafin ku zauna. Kusa da wurin saukar jirgi akwai ɗan bakin ruwa inda jama'a suke wanka, kuma a ƙarshen mako yakan cika. Idan hakan zai dami Hajiya, ku zaɓi rumfar da ke cikin gari.

Ku kula da ranar da kuka zaɓa. Gidan bayi ba ya buɗewa ranar Litinin, kuma a sauran ranaku yakan rufe da tsakar rana ya sake buɗewa da yamma, don haka jirgin safe, na wajen ƙarfe tara ko goma, shi ya fi dacewa: ku fara da gidan bayi, ku ci abinci ku yi azahar a lokacin da aka rufe, ku ƙarasa sauran wuraren kafin la'asar. Awa huɗu zuwa biyar sun wadatar, ko da tafiyar tsohuwa ce. Idan ziyararku ta faɗo cikin damina, daga Yuli zuwa Oktoba, ku riƙe lema. Abu na ƙarshe shi ne filin jirgin sama: yana Diass, kimanin kilomita 50 daga Dakar, kuma cunkoson fita daga gari da yamma yana da tsanani. Idan a daren ranar za ku tashi, ku duba allon jadawali tun da safe, ku zaɓi jirgin komowa wanda zai bar muku aƙalla awa biyar kafin tashin jirginku, ku kuma isa bakin ruwa da rabin awa kafin lokacinsa, domin jiragen yamma su ne suka fi cika.